Inda Kowane Gida Ke Ajiye Sanyinsa

Mutumin Kano ko na Sakkwato idan ya ji ɗan Jos yana kukan zafi dariya yake yi, kuma da gaskiyarsa. Garin a kan tudu yake, kusan mita 1,200 sama da doron teku, ga duwatsun Shere sun tokare shi ta gabas. Ko a tsakiyar Maris, lokacin da a can ake kwana a tsakar gida da mafici a hannu, mu sai mun jawo mayafi kafin kiran assalatu. Bazararmu gajeruwa ce. Hunturu ya janye a ƙarshen Fabrairu, rana ta gwada ƙarfinta na 'yan makonni, kafin Afrilu ya fita hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, wani zubin har da ƙanƙara mai kwankwatsar kwano. Shi ke nan, an wuce wurin.

Gajartar nan tana da nata amfanin. A garin da rana ke neman ran mutum, duk abin da ya samu mai sanyi shi zai kwankwaɗa, ba ya tsayawa zaɓe. A Jos ƙishirwa ba ta shaƙe wa kowa wuya haka. Abin da gida zai miƙo wa baƙo da azahar ɗin bazara ra'ayin masu gidan ne, kuma ra'ayin da ya zaɓi abin shan shi ne ya zaɓi fasalin ginin da kayan da aka jera a ciki. Haƙar kuza ta tara jama'a daga ko'ina a kan tudun nan, kowa ya zo da irin ɗakin da ya saba kwana a ciki da irin mazubin da ya saba kai wa baki. In kana son sanin wane irin gida ka shiga, duba inda suka ajiye abin da ke sanyaya musu ruwa, da kuma wanda aka yarda ya taɓa shi.

Na ga wannan da idona ne saboda shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, daga 1989 zuwa 1992, sun zo daidai da lokacin da nake ɗan aike. Yaron da bai balaga ba yana da wata dama da babu babban namijin da ke da ita: yana shiga kowane gida har ƙuryar ɗaki, ba mai ce masa kanzil. Da la'asar ta yi sanyi Umma za ta ɗora min kwanon ƙosai ko jug ɗin kunu, ta lissafo gidajen da zan bi, kuma duk inda na kai sai an juye an zuba min nasu in koma da shi. Azumin nawa na rabin yini ne, irin na yara, don haka matan gida ba sa jin nauyin ce min in ɗanɗana in faɗa musu ko sukari ya ji. Da harshena na san unguwarmu.

Gidanmu a Gangare yake, tsohuwar unguwar ma'aikatan kuza da ke gefen rafin Dilimi. Kakana ba da son ransa ya zo Jos ba. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sai aka juyo kan Filato, aka riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas. Shi daga ƙasar Katsina aka ɗebo shi. Sanyi da yunwa sun kashe mutane da yawa a sansanonin nan. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa, kuma da aka daina ɗibar a 1944 bai koma ba, ya zauna yana wankin kuza, daga baya ya zama dillalinta, ya aika aka kawo masa matarsa. Gini ya yi irin na gida: tubalin ƙasa, zaure, shigifa, tsakar gida, ɗakuna a kewaye. Sai dai damunar Jos ba ta raga wa soro. Ruwa ake yi tun Afrilu har Oktoba, soron da zai daɗe a Katsina a nan ba ya jimawa yake fara yoyo, dole kowa ya ɗora kwano. Kaka kuwa ta ce ita ba za ta kwana a ƙarƙashin gwangwani ba. Saboda haka ɗakinta kaɗai aka yi wa rufin azara da ƙasa, sannan aka kifa kwano a bisa. Da hunturu ɗakin ya fi ko'ina ɗumi, da bazara ya fi ko'ina sanyi, kuma ba ta taɓa gajiya da tuna mana wannan ba.

Randuna biyu ne a gidan. Babbar tana cikin gida, a gindin bangon da inuwa ba ta barinsa, an nutsa gindinta cikin yashin Dilimi da ake yayyafa wa ruwa safe da yamma, faifai a bakinta, moɗa a kife a kan faifan. Jikin randa yana tsatstsafar da ruwa a hankali, iska ta busar da shi, sanyin ya koma ciki. Shi ya sa a busasshiyar iskar Maris ruwanta ya fi daɗi, in damuna ta kankama kuma iska ta yi laima sai sanyin ya ragu. Kaka ba ta san wannan bayani da sunan kimiyya ba, amma ta san ba a shafa wa randa siminti ko fenti, kuma ta san tsohuwar da gansakuka ya toshe ta gama aiki. Da na ji a shekarar 2000 an ba wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, lambar yabo ta Rolex saboda dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, na yi murna, na kuma so a ce tana raye ta ji an kai yashin gindin randa Turai.

Ta biyun ƙarama ce, a zaure take, kuma ta kowa ce. Almajiri, mai turin baro, Bafulatanar da ta sauke ƙwaryar nono ta huta, mahaukacin unguwa, kowa ya shigo ya ɗiba ya sha ba tare da sallama ba. Cika ta aikina ne. Mutane kan ce gidan Bahaushe rufaffe ne, ba taga a waje, ba a ganin matansa, kuma haka ne. Amma gidan nan da ya juya wa titi baya shi ne ya ajiye ruwa a bakin ƙofa saboda wanda bai sani ba.

Abin shan gidanmu fura ce, kuma Kaka ba ta sayen ta talla. Gero take sa a sayo mata, ta surfa, ta wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta cura, ta dafa, a mayar turmi a kirɓa har ta yi danƙo, ta sake curawa ta birgima a gari. Nono kuwa na wata Bafulatana ce da ke sakkowa daga rugagen hanyar Bauchi. Shekara da shekaru suna ciniki, kullum sai sun yi faɗa a kan ko an tsarga ruwa, kullum kuma sai sun rabu da dariya. Damun shi ne abin kallo. Za ta zauna a kan 'yar kujera, ta matse ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, ta ce, "Maigidan, miƙo min ludayi. Ba wannan ba, na duma." Da bayan ludayin take murƙushe furar a jikin ƙwarya, tana ɗiga kindirmo kaɗan-kaɗan, ba ta ƙara wani sai na farko ya shige, har gudajin su narke saura 'yan ƙanana da take bari da gangan saboda haƙori ya samu abin yi. Sai a ƙarshe ruwan randa ya shiga. Sukari ba ya kusantar ƙwaryarta; wanda ke so ya je ya sa a tasa.

Ƙwarya ɗaya ake kai wa maza zaure, ɗaya ta tsaya wa mata a tsakar gida, ludayi yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Babu mai kofin kansa, kuma babu mai kujerar kansa. Tabarma ce, sai buzun Baba. Duk ƙawar gidan tana can inda baƙo namiji ba zai taɓa gani ba: jeren Kaka, tasoshi da kwanukan samira da langa-langa an gina su hawa-hawa har kusa da azara, ana sauke su a goge kafin kowace salla, ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba.

Daga gidanmu in ka miƙe kaɗan akwai wani bene na Yarbawan Ogbomosho, waɗanda suka daɗe a Jos har jikokinsu sun fi mu iya zagi da Hausa. Shi wannan ƙofarsa ba ta rufuwa. Dogon lungu ne ya ratsa tsakiya, ɗakunan haya suna kallon juna, risho da bokiti a bakin kowane, ɗakin gaba kuma kanti ne. Iya mai gidan tana yin kunun zaƙi da jinja mai yajin da ke sa hawaye, ta ɗura a tsofaffin kwalaben lemo, ta jera a baho ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a bakin titi. Komai nata a aune yake, kwalba-kwalba, ɗaki-ɗaki, ko kyauta za ta yi maka sai ta faɗa maka kuɗin abin tukuna. Ban taɓa komawa gida da kwano wayam daga wurinta ba. Gidan Barebarin bayanmu kuwa tun daga zaure hanci ke sanar da kai ka iso. Labule turare, shimfiɗa turare, randar ma sai an kifa ta a kan hayaƙi kafin a zuba ruwa, har jiƙon tsamiyarsu ƙamshi yake.

Sai Rayfield. Ƙanen Umma kuku ne a can, a wani gida da kamfanin kuza ya gina wa manajojinsa Turawa, ba nisa da filin golf ɗin da aka buɗe tun 1913. Lokacin da na san gidan Turawan sun tafi. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan injinan haƙa suna tsaye suna tsatsa a bakin kududdufai, gidan ya koma hannun wani babban ma'aikacin gwamnati, ɗan ƙasa. Kawu ya zauna tare da gidan, shi da tebura da cokula. Ginin dutse ne, da jan rufi da bututun hayaƙi, domin a falon akwai murhun bango da ake hura wa wuta a Disamba. Da bazara sai a ajiye tulun furanni a cikinsa. Tagogi manya-manya ta kowane gefe. Katanga babu, sai shingen fure da bai wuce ƙugu ba, da dogayen itatuwan turare. Duk gidan waje yake kallo, kuma zuciyarsa baranda ce, inda aka jera kujerun kaba suna fuskantar ciyawa da duwatsu.

A barandar nan ake shan abin da Kawu ke kira sikwash. Tree Top ne na lemo, a tsiyaya kaɗan a dogon gilashi, a cika da ruwan firji, a jefa ƙanƙara, a maƙala yankan lemon tsami a baki. Kowane gilashi da ɗan faifansa na zama don kada ya ɓata tebur, kowane mutum da gilashinsa, kuma ba a ƙari sai an tambaye ka. Masu gidan ba Musulmi ba ne, saboda haka da azumi a bakinsa Kawu yake haɗawa, da ido yake auna zaƙin, yana ɗaga gilashin yana duba launinsa a hasken taga. Ƙarfe huɗu kuma, ko ana zufa, sai an fito da shayi a buta da kofuna masu 'yan faranti, domin haka Bature ya bar gidan. Ni ta baya nake shiga. "Kai, kar ka taka musu ciyawa," in ji Kawu, ya zaunar da ni a dokin ƙofar kicin ya zuba min nawa a kofin roba.

Ba zan ɓoye ba, gidan ya burge ni, har yau ina ganin ban shiga ɗakin da haske ke yi wa kyau kamar falon nan ba. Amma fili ne da zai ɗauki rabin layinmu, kuma duk faɗinsa babu inda mai wucewa zai tsaya ya sha ruwa. Gidan da ba shi da katanga ya fi namu wuyar shiga. Kare ne da mai gadi suke yin aikin da zaure ke yi a wurinmu, su kuwa ba sa ba da moɗa.

A hutun Ista na wata shekara wani abokina na firamare, ɗan Birom, ya tafi da ni ƙauyensu a bayan Bukuru. Hanyar shiga siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin shingayen kerana da suka fi mutum tsawo, ga ƙaya ga farin ruwan da ke ƙona ido, wanda bai san gari ba sai ya yi ta zagaye. A ciki ɗakuna ne zagayayyu masu jinka, sun yi wa rumbuna ƙawanya, sai ɗaki ɗaya mai kusurwa huɗu da rufin kwano, na yayansa da ke koyarwa. Ba su share duwatsun wurin sun yi gini ba. A tsakaninsu suka zauna, falalen dutse shi ne wurin shanya, shi ne wurin hira. Lokacin gyaran gona ne, ana jiran ruwan fari, kowa ya fita tun da sassafe. Da rana ta take muka dawo, mahaifiyarsa, da kowa ke ce wa Ngo, ta zura hannu cikin wani tsagin dutse da rana ba ta leƙawa, ta jawo tukunyar kunun tamba. Kauri gare shi, da ɗan tsami, ba sukari, ja-ja-ja, in ka sha ƙwarya guda ba ka neman tuwo sai dare. Wannan abin sha ne na mai riƙe da fartanya, an yi shi ya kashe ƙishirwa da yunwa a tafi ɗaya.

Akwai wata tukunyar a gindin bishiya, dattawa sun kewaye ta. Ngo ta ga idona ya kai can, ta ce da Hausarta mai daɗi, "Ɗana, waccan ta tsofaffi ce, ba taka ba ce." Ta ɗauko sabuwar ƙwarya da ba a taɓa zuba burkutu a ciki ba, ta wanke a gabana don in gani, ta ce wannan ita ce tawa duk ranar da na zo. Ta kuma ja mana kunne kan kududdufin bayan gari, ramin da masu kuza suka haƙa a inda a da gonar acca ce, wanda ruwansa ke da kyau a ido amma ba a san zurfinsa ba. Sai da na girma na haɗa lissafin: ramin da ya cinye musu gona irinsa ne ya gina mana zaure.

Firji ya shigo gidanmu a 1990, kuma shi ya rushe tsarin kakana ba tare da an ɗaga diga ba. Tun da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986 kuɗi suka daina auki. Baba tela ne a babbar kasuwar Taminus, wadda aka buɗe a 1985, ɗinki kuma sai salla-salla. Umma ta ɗauki adashinta ta sayi Thermocool na hannu. Ranar da aka sauke shi daga a-kori-kura aka rasa inda za a ajiye. Madafinmu rumfa ce mai hayaƙi, ba wayar wuta. Zaure ba zai yiwu ba. Kaka ta leƙo ta ce, "Wannan akwatin mai gurnani dai ba a ɗakina ba." A ƙarshe ɗakin waje na Umma aka kwashe, aka kafa shi a kusurwa. Shi kuwa firji ba ya zama a kan daɓe kusa da tabarma. Cikin shekara guda aka shimfiɗa leda, aka sayo kujerun kushin uku, aka kawo kabet mai gilashi aka jera kofunan tsarabar Makka, aka rataya dardumar Ka'aba a bango. Firjin kansa aka saƙa masa mayafi, aka ɗora furen roba, aka sa masa kwaɗo saboda mu. Mun wayi gari da falo.

Abin sha ma ya sauya. Kunun aya, wanda ake markaɗawa da dabino da kwakwa, ba ya jure zafi. In ba sanyi, kafin la'asar ya yi tsami ya tsinke, shi ya sa a da sai gidan biki ake ganinsa. Yanzu ya zama na kullum. Ga zoɓo, Umma tana dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari, ta tace, ta ƙulla a leda don sayarwa, wani a sha da ruwa-ruwa, wani ya daskare yara su yi ta tsotsa har leɓe ya yi ja. Idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, ni ake turawa Bukuru sayen ƙanƙara, domin can suna kan layin NESCO, kamfanin da ya fara ba mahaƙa lantarki daga ruwan Kurra tun wajen 1930, wutarsu ba ta cika ƙiftawa ba. In rungumo dutsen ƙanƙara a buhu da garin katako, in shiga tasi, yana ɗiga a cinyata, fasinjoji suna tsaki.

Kaka ba ta taɓa shan ruwan firji ba. "Ruwan da ke kashe haƙori kuma ba shi da ɗanɗano, me na ci na asham?" Umma ta ce, "Inna, ai ko nonon ki bari a riƙa sa miki, ya daina tsami." Wannan ta yarda, domin ba ta wasa da asara. Nono ya kwana a firji, ruwan damu daga randa, haka suka raba mulkin har ta rasu.

Abin da ba wanda ya hango shi ne abin da gilashi zai yi wa zaure. Zoɓo mai sanyi a kan tire da kofuna masu zanen zinare ba abin da za a kai wa mutum a tabarma ba ne. Wanda ya sayi kushin yana son a gani. Baba ya fara shigo da manyan baƙinsa falo. Amma falon a cikin gida yake, duk shigowar baƙo sai an yi gyaran murya mata sun ruga ɗaki. Da abin ya ishi kowa aka kira magini ya fasa ƙofa daga falon zuwa lungu. Daga ranar gidan ya zama mai baki biyu, kuma mai daraja ta sabon yake bi. Zaure ya rage wa almajirai da yara masu sayen ƙanƙara. Bayan 'yan shekaru aka raba shi biyu, aka sa wa rabin ƙofar ƙarfe, aka ba mai kayan masarufi haya. Ƙaramar randar ba wanda ya yanke shawarar ɗauke ta. Ta tsage ne, ba a sake sayen wata ba.

A tsakanin nan makarantarmu ta kai mu gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Akwai rumfar tukwane daga sassan ƙasar nan, a can baya kuma an gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da ƙasa da azara, don kada fasahar ta ɓace. Malaminmu yana ta bayani da Turanci kan hikimar magabata, mu 'yan Gangare muna ƙyafta wa juna ido, domin a cikin irin hikimar muka kwana, kuma iyayenmu mata adashi suke zubawa don su fita daga cikinta. Ban ga laifinsu ba. Mai yabon ginin ƙasa yawanci ba shi ke yaɓe bayan kowace damuna ba, kuma mai yabon ruwan randa ba shi ke ɗaukar bokiti daga famfon layi ba.

Aikena ya ƙare ranar da wata maƙwabciya, wadda na sha kunun gidanta tun ban iya tsarki ba, ta ji sallamata ta ce daga ciki, "Wane ne? A'a, ka girma yanzu, tsaya a zaure a karɓo." Sauran ƙofofin kuwa ba girma ne ya rufe su ba. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da gobarar da ta cinye kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, da abin da ya biyo baya a 2008 da 2010, sun raba garin gida-gida. Kowa ya tattara ya koma inda masu irin addininsa suka fi yawa. Benen Iya an sayar. Hanyar keranar nan ban sake bin ta ba; ni da abokina a tsakiyar gari muke haɗuwa in ta kama. Ginin da ake yi yanzu, ko a wane ɓangare, kusan iri ɗaya ne: doguwar katanga da waya a kai, get na ƙarfe, tayil, rufi mai tsini, tankin ruwa a sama. Baƙo kuma, Musulmi ne ko Kirista, lemon roba za a dire masa ko fiya wata, a rufe, ya buɗe da kansa. Daga abin da aka ba ka ba za ka iya cewa ga gidan da kake ba.

Sana'ar Umma ƙanwata ce ta gaje ta, ta kuma wuce inda Umma ta tsaya. Zoɓo da kunun aya da fura da yogot take yi, a robobi masu tambarin sunanta, da firiza biyu da ke aiki da sola, 'yan acaɓa na kai wa shaguna. Da ta tashi gina nata gidan a Rikkos, falon ƙarami ta yi, kicin ɗin kuwa ya kusa ninka shi, kuma ta sa aka jawo shi gaba har ya haɗe da katanga, ta ce a fasa masa taga mai kanta ta kalli titi. Maginin ya ajiye cokalinsa ya ce, "Hajiya, kicin a gaban gida? Ai ba a yi. Baya ake kai shi, falo ya zo nan." Ta ce, "Malam, bulon da kake ɗorawa kicin ɗin ne ya saye shi." Aka fasa tagar, aka yi mata 'yar rumfar kwano da benci saboda masu jiran a miƙo musu.